Fashin Baƙi: 43,949,268, lambar da ke bayan kowace takardar loto

Shin da gaske ana iya "aikin" loto, wato mutum ya zauna da sakamakon shekarun baya da biro a hannu, ya haƙo lambar da za ta fito gobe? Tambayar ta daɗe tana yawo a Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama, unguwannin Accra babban birnin Ghana, amma ta ƙara zafi tun da loto ya bar rumfar bakin titi ya shiga waya. A da sai ka taka da ƙafarka zuwa wurin mai rubutawa, idon unguwa na kanka. Yanzu 'yan lambobi za ka danna, kuɗin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, su tafi, ko matarka da ke zaune kusa da kai ba ta sani ba. Masu sayar da "lambar tabbas" su ma sun bi sahu, sun koma WhatsApp da TikTok.

Amsar tambayar tana cikin lamba guda: 43,949,268. Wanda ya san inda ta fito, da irin halinta, da abin da take iya faɗa da wanda ba ta iya faɗa, ba zai sake kallon takardar loto da idon da yake kallonta a da ba.

Daga ina aka samo ta?

A loton 5/90 na Hukumar Loto ta Ƙasa, NLA, ana zuba ƙwallaye 90 cikin inji, kowane da lambarsa daga 1 zuwa 90, a fitar da biyar. Ko Monday Special ne, ko Lucky Tuesday, ko Midweek, ko Fortune Thursday, ko Friday Bonanza, ko National na ranar Asabar, tsarin bai canza ba.

Ƙwallon farko zai iya zama kowanne cikin 90. Da ya fita, saura 89 ga na biyu, 88 ga na uku, 87 ga na huɗu, 86 ga na biyar. Idan aka ninka su, 90 × 89 × 88 × 87 × 86, za a samu 5,273,912,160. Sai dai wanda ya buga 7, 19, 33, 58 da 81 bai damu da wadda ta riga fitowa ba, shi dai su cika biyar. Lambobi biyar kuwa ana iya jera su ta hanya 120, wato 5 × 4 × 3 × 2 × 1. Don haka kowane rukuni an ƙirga shi sau 120 a lissafin farko. A raba 5,273,912,160 gida 120, abin da zai fito shi ne 43,949,268. Yawan rukunonin lambobi biyar ke nan da za su iya fitowa daga cikin 90, ba ƙari, ba ragi, kuma guda ɗaya ne kawai ke fitowa a kowane juyi.

Ba a Ghana aka ƙirƙiro tsarin ba. Asalinsa birnin Genoa ne a Italiya, inda ake zaɓen 'yan majalisa biyar ta hanyar ƙuri'a daga jerin sunayen 'yan takara, mutanen gari kuma suna zuba kuɗi a kan wanda zai fito. Daga baya aka cire sunaye aka sa lambobi. A ƙarni na 18 Leonhard Euler, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi da duniya ta taɓa gani, ya yi rubuce-rubuce a kan wannan loton na Genoa. Wato shekara fiye da 250 ke nan da aka gama lissafin da har yau ake gardama a kansa a bakin rumfa.

Lambar tana da dangi. Akwai wani jadawali mai siffar dala da masanin lissafi al-Karaji ya bayyana a Bagadaza wajajen shekara ta 1000, Umar Khayyam ya yi aiki da shi bayansa, amma Turawa suka laƙaba masa sunan Pascal, Bafaranshen ƙarni na 17. A cikinsa kowace lamba jimillar biyun da ke samanta ce. Layi na 90 yana farawa haka: 1, sai 90, sai 4,005, sai 117,480, sai 2,555,190, sai 43,949,268. A riƙe waɗannan, domin 4,005 shi ne yawan lambobi bibbiyu da za a iya haɗawa daga 90, 117,480 na uku-uku, 2,555,190 na hurhuɗu. Duk lissafin loto yana kwance a wannan layi guda.

Yaya girmanta yake?

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta ba Ghana mutum 30,832,019. A ce kowane ɗan ƙasa, har jinjirin da aka raɗa wa suna jiya, ya riƙe rukunin lambobi biyar da ba irin na kowa ba, za a bar rukuni 13,117,249 ba mai shi. Kusan kashi 30 cikin ɗari na lokuta, duk ƙasar za ta buga, babu wanda zai dace. In kuma mutum ɗaya ne ya ce zai bi rukunonin ɗaya bayan ɗaya, guda a kullum, yana buƙatar fiye da shekara 120,000 kafin ya zagaye su.

Idan aka kwance ta, me ke ciki?

Abu na farko da mai lissafi ke yi wa babbar lamba shi ne ya duba wace lamba ce ke raba ta ba tare da saura ba. Ba sai da kalkuleta ba. Akwai alamomi da ake gani da ido, kuma yaron firamare zai iya koyonsu a zama ɗaya.

Lambarmu ta ƙare da 8, don haka cika ce, ba mara ba: rabinta 21,974,634. Lambobinta biyu na ƙarshe 68 ne, 4 kuwa tana raba 68, saboda haka tana raba dukkan lambar. Ukun ƙarshe 268 ne, 8 ba ta raba 268, to ba ta raba babbar ma. A tara ƙwayoyinta, 4 + 3 + 9 + 4 + 9 + 2 + 6 + 8, za a samu 45. Tunda 9 tana raba 45, to 3 da 9 duka suna raba lambar: 4,883,252 sau tara. Gwajin 11 ya fi ban sha'awa. A faro daga dama, a riƙa ɗebewa da tarawa bi da bi: 8 − 6 + 2 − 9 + 4 − 9 + 3 − 4. Abin da zai rage 11 ne a ƙasa da sifiri, wanda ke nuna 11 tana raba ta, sau 3,995,388. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, don haka 5 ba ta da rabo a ciki.

Daga nan sai a kai ga lambobin tushe, waɗanda 'yan makaranta suka sani da firaim. Lambar tushe ita ce wadda ta haura 1 kuma babu mai raba ta sai 1 da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13, haka dai. Duk wata lamba da ta haura 1 kuma ba ta tushe ba haɗaɗɗiya ce, kuma ana kwance ta zuwa lambobin tushe ta hanya ɗaya tak. Su ne tubalin da aka gina sauran lambobi da shi: rushe ginin ta kowace kusurwa, tubalan da za ka tarar su ne dai. Euclid, masanin lissafi na Girka, ya tabbatar tun wajajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, cewa lambobin tushe ba su da ƙarshe.

Tamu idan aka kwance ta:

43,949,268 = 2 × 2 × 3 × 3 × 11 × 29 × 43 × 89

Ina roƙon mai karatu ya tsaya a nan, domin na san akwai wanda zuciyarsa za ta ce masa 11 da 29 da 43 da 89 su ne sirrin, ya je ya buga su. Ba sirri ba ne. Kowace an san ƙofar da ta shigo. 89 tana cikin lambobin da muka ninka tun farko, ita kanta ta tushe ce. 88 ita ce 8 × 11, ta kawo 11. 87 ita ce 3 × 29. 86 ita ce 2 × 43. 90 ta zo da 5 guda ɗaya, amma rabawa da 120 ta tafi da ita, shi ya sa 5 ta ɓace. Da ƙwallayen 80 ne ba 90 ba, da wasu lambobin tushe daban za mu gani. Abin da suke ba da labarinsa shi ne yawan ƙwallayen da ke cikin inji, ba wanda zai fito ba.

Daga wannan kwancewa ake sanin sauran halayenta ba tare da wahala ba. Lambobi 144 ne ke raba ta ba saura, daga 1 har ita kanta. Yadda ake ganewa: 2 za ta iya shiga sau sifiri, ko sau ɗaya, ko sau biyu, zaɓi uku ke nan, 3 ma haka, sauran huɗun kowace ko ta shiga ko kada ta shiga. 3 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 144. Ba murabba'i ba ce, wato babu cikakkiyar lambar da za a ninka da kanta a same ta: 6,629 sau 6,629 ya ba da 43,943,641, ya gaza, 6,630 sau 6,630 ya ba da 43,956,900, ya zarce. A harshen kwamfuta, mai 0 da 1 kaɗai, gurbi 26 take ci.

Mai rara, mai giɓi, da kammalalliya

Akwai wani rabe-rabe da ya zo daga Girkawa, malaman Musulunci suka karɓa suka faɗaɗa. Ana tara duk lambobin da ke raba lamba, ban da ita kanta, a gwada jimillar da lambar. Idan jimillar ta gaza, lambar mai giɓi ce, kamar 10, wadda 1 + 2 + 5 ya ba da 8 kawai. Idan ta zarce, mai rara ce, kamar 12, wadda 1 + 2 + 3 + 4 + 6 ya ba da 16. Idan kuwa suka yi daidai, kammalalliya ce, kamar 6 da 28.

Lambar loto mai rara ce, rara kuma ba kaɗan ba. Masu raba ta 143 idan aka tara su sun kai 85,780,332, kusan ninkinta biyu. Kammalallu kuwa tsada gare su. Bayan 6 da 28 sai 496, sai 8,128, daga nan sai a yi dogon tsalle zuwa 33,550,336, wadda ta faɗo tsakanin yawan jama'ar Ghana da lambar loto. Zuwa yau 52 kaɗai aka gano, dukkansu cika, kuma ko akwai kammalalliya mara tambaya ce da ta gagari masana fiye da shekara dubu biyu.

Wani zai ce mene ne amfanin sanin masu raba lamba? Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ana rabon gado ya ga amfaninsa. Kason da Alƙur'ani ya yanke su ne rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi, shi ya sa masu fara'ili ke kafa asalin mas'ala a kan lambobi irin su 6 da 12 da 24, don kowane kaso ya fita cikakke. A ce dukiyar da aka bari pesewa 43,949,268 ce (pesewa 100 ke yin sidi 1, kuɗin Ghana). Rabi zai fita lafiya, sulusi 14,649,756, rubu'i 10,987,317, sudusi 7,324,878. Amma sumunin matar mamacin da ya bar 'ya'ya zai zo da ɓari, 5,493,658 da rabin pesewa, saboda 2 sau biyu kawai ta shiga lambar, 8 kuwa tana buƙatar sau uku. Abin da gwajin 268 ya faɗa mana tun ɗazu ke nan.

To hatimi fa, ai shi ma lambobi ne

A nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa, kuma ruɗun yana da dalili. Mun gaji al'adar girmama lambobi. Masanin lissafi Sabit bn Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya fitar da ƙa'idar gano lambobi masoya juna, irin 220 da 284: tara masu raba 220 ka samu 284, tara masu raba 284 ka samu 220. Masanin tarihi Ibn Khaldun ya ambaci yadda masu ɗalasimai ke amfani da su wajen neman ƙauna tsakanin mutum biyu. Namu na gida kuma, Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake gina hatimai masu gidaje mara, kafin ya rasu a Alƙahira a 1741. Masu tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa har yau, alhali da yawa daga cikin yaranmu na zango ba su taɓa jin sunansa ba, abin da ke ci mini rai.

Hatimi mai gida tara kowa ya san shi: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta ko'ina ka tara, tsaye ko kwance ko karkace, 15 za ka samu. Mai gida 25 yana ba da 65, mai gida 81 yana ba da 369. Wannan tabbas ne, domin hannun mutum ne ya jera lambobin bisa ƙa'ida. Injin loto kuwa an ƙera shi ne musamman don ya rushe kowace irin jeri. Lambar da ke jikin ƙwallo fenti ce. Ƙwallo mai 89 bai san ta tushe ba ce, mai 28 bai san kammalalliya ba ce, kuma nauyinsu ɗaya da na sauran. Ilimin da ke aiki a hatimi gaskiya ne a wurinsa, ɗauko shi a ɗora wa inji shi ne kuskuren.

"Ta nuna, saura ta faɗo"

A wata rumfa da ke kan hanyar Mamobi akwai dattijon da ake yawan gani a kan benci da hantsi. Takardar sakamakon loto ce a cinyarsa, ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya, ya zagaye wasu lambobi da jan biro, ya ja layi daga wannan mako zuwa wancan. A jikin rumfar ga allo an rubuta lambobin jiya da alli. Na gaishe shi na ce, "Baba, me ya sa ka nace wa 34?" Ya gyara tabarau ya ce, "Ɗana, ta daɗe rabonta da fitowa. Ta nuna, saura ta faɗo."

Baban nan ba wawa ba ne, haƙurinsa da kula da lambobi sun fi na ɗalibai da yawa. Tunaninsa ne ya tsaya a kan abin da babu shi, wato cewa inji yana tuna jiya. Kowane juyi ana mayar da ƙwallayen 90 ne gaba ɗaya. Damar kowace lamba ta fito 5 ce cikin 90, wato 1 cikin 18, ko jiya ta fito, ko shekara guda rabonta. Kuma daɗewar da ake gani ba abin mamaki ba ne. Lissafi ya nuna cewa a kowane juyi 50 a jere, ana sa ran lambobi kamar biyar cikin 90 ba za su leƙo ba ko sau ɗaya. Kullum akwai wadda "ta daɗe", kullum kuma akwai mai jiran ta.

Italiya, inda wasan ya samo asali, ta ɗanɗana wannan da ɗaci. A loton birnin Venice lamba 53 ta ƙi fitowa tun watan Mayun 2003. Mutane suka riƙa ninka kuɗin da suke zubawa mako bayan mako, suna cewa lokacinta ya yi. Sai ranar 9 ga Fabrairun 2005 ta fito, bayan juyi 182. Kafin nan an zuba biliyoyin yuro, iyalai sun nutse cikin bashi, har an ruwaito waɗanda suka rasa rayukansu saboda ita.

Haka zancen "alamu" yake. Mutum ya ga 46 da 47 sun fito tare sai ya ce akwai magana. Cikin rukunoni 43,949,268, guda 9,122,966 suna ɗauke da aƙalla lambobi biyu maƙwabtan juna. Kusan juyi ɗaya cikin biyar ke nan. Irin wannan tambaya ce Euler ya warware tun a zamaninsa. Kuma 1, 2, 3, 4, 5 damarta ɗaya ce da ta 7, 19, 33, 58, 81. Idonmu ne kawai ke ganin ta biyun ta fi kama da abin da zai yiwu.

To yaya wasu masu ba da lamba suke dacewa? Kowane juyi yana fitar da lambobi bibbiyu guda 10 daga cikin 4,005. Mai tura lambobi daban-daban ga mutum 400, a matsakaici zai dace wa mutum ɗaya a kowane juyi ba tare da ya san komai ba. Hoton takardar wannan ɗayan ake yaɗawa. Sauran 399 ba sa ɗaukar hoto.

Tu-shuwa da fam: ina kuɗin ke tafiya?

Mafi yawan masu bugawa ba biyar suke nema ba, lambobi biyu suke bi, abin da ake kira tu-shuwa. Damar ci 10 ce cikin 4,005, wato kusan 1 cikin 400. Abin da aka saba biya kuwa ninki 240 ne. Ga gwajin da ke fayyace komai: a ce wani attajiri ya sayi dukkan haɗin 4,005, kowane a sidi 1. Tabbas zai ci, har sau 10. Zai karɓi sidi 2,400, ya kashe 4,005. Ya yi asarar 1,605 a wasan da bai bar ƙofa ko ɗaya a buɗe ba. Ma'ana, daga kowane sidi da aka zuba a tu-shuwa, kimanin pesewa 60 ne ke komowa hannun masu bugawa.

Da aka hau sama abin sai ƙara muni yake. Lambobi uku damarsu 1 ce cikin 11,748, ana biyan ninki 2,100, abin da ke komowa bai kai pesewa 18 a sidi ba. Lambobi biyar damarsu 1 cikin 43,949,268, ana biyan ninki 44,000. Wanda ya sayi dukkan rukunonin zai kashe kusan sidi miliyan 44 ya karɓi dubu 44, kashi ɗaya cikin dubu na kuɗinsa.

Fam, wato zaɓen lambobi da yawa a haɗa su bibbiyu, ba ya canza wannan. Lambobi biyar suna ba da layi 10, lambobi goma suna ba da layi 45. Damar ci ta ninku sau 45, kuɗin da ka biya ma ya ninku sau 45. Kashi 40 ɗin da ke tafiya yana nan a kowane layi.

Wa ke cewa me?

Hukuma tana da hujjarta. Loton gwamnati ya faro ne a 1958, dokar 2006 mai lamba 722 ta kafa NLA a siffarta ta yanzu, kuma ribar tana shiga baitulmalin ƙasa da wasu ayyukan jin ƙai. Masu rubutawa a rumfuna da kamasho suke ciyar da iyali. Masu wannan ra'ayi suna cewa ko an hana mutane za su buga, gara a yi a fili ƙarƙashin doka da a bar wa 'yan banka-tu-banka, masu gudanar da loto a bayan fage. Maganar tana da nauyi, sai dai ba ta goge cewa kuɗin daga aljihun masu ƙaramin ƙarfi yake fitowa ba.

Malamanmu matsayinsu a bayyane yake: caca haramun ce, da nassin Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90. Ma'ida ita ce sura ta 5, don haka 5 da 90 sun haɗu a nan ma. Dacewa ce da ke sauƙaƙa tunawa, hujjar kuwa tana cikin abin da ayar ta faɗa. Abin takaici shi ne ana samun masu rigar malanta da ke karɓar kuɗi su "duba" wa mutum lamba, sun haɗa masa asara biyu.

Matasa kuma sun fi ɗaga murya a kan haraji. A watan Agustan 2023 aka fara cire kashi 10 cikin ɗari daga abin da mutum ya ci a caca, aka yi ta ce-ce-ku-ce har zancen ya shiga yaƙin neman zaɓen 2024, gwamnatin John Mahama ta soke shi a 2025. Harajin nan ana ganinsa a rubuce, shi ya sa ya yi zafi. Kashi 40 da ke cikin tazarar 240 da 400 ba a rubuta shi a takarda ba, kuma soke haraji bai taɓa shi ba.

Inda sanin halin lambobi ke biya

Kada a ɗauka duk wannan ilimi na nishaɗi ne. Mun kwance lambar loto da hannu saboda tushenta ƙanana ne, babbarsu 89. Amma a ɗauki lambobin tushe biyu, kowace mai ƙwayoyi fiye da 300, a ninka su. Ninkawar ƙiftawar ido ce ga kwamfuta, komawa baya a gano su biyun kuwa ya fi ƙarfin kwamfutocin da ake da su a yau. A kan wannan bambanci Rivest da Shamir da Adleman suka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA a 1977, wanda ke cikin makullan da bankuna da shafukan intanet ke tsare bayanai da su. Farautar manyan lambobin tushe ma ba ta tsaya ba: a Oktoban 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano wadda ta kafa tarihi, 2 da aka ninka da kanta sau 136,279,841 aka cire 1, mai ƙwayoyi 41,024,320. Ghana tana da nata gwanaye a fannin lissafi, irin marigayi Farfesa Francis Allotey na jami'ar KNUST a Kumasi. Yaron zangon da ke iya riƙe lambobin wata shida a kansa don taya babansa aikin loto, wannan kan nasa na ajin lissafi ne.

Sidi biyar a kullum

A ɗauki mai sayar da koko da ƙosai, ko ɗan kamashon tirotiro, wato ƙaramar motar haya, da ke buga tu-shuwa na sidi 5 kowace rana. A shekara ya zuba 1,825. Kowane ci yana kawo masa 1,200. Da wurin mai susu, wato mai karɓar ajiyar kullum, ya kai kuɗin, wanda bisa al'ada ke riƙe zubin rana ɗaya a wata, da ya karɓi 1,765 a hannu.

A loto kuwa, idan aka ɗauki mutum 100 masu yin haka, kimanin 40 za su rufe shekara ba su ci ko sau ɗaya ba. Kimanin 37 za su ci sau ɗaya, su yi murna, unguwa ta ji, alhali sun yi asarar sidi 625. Sauran 23 ne za su ci sau biyu ko fiye su fita da riba, kuma su ne ake ba da labarinsu a majalisa. Idan waɗannan mutum 100 suka ci gaba har shekara goma, kowannensu ya zuba 18,250, sai ya ci aƙalla sau 16 kafin ya ga riba, alhali matsakaicin ci sau tara ne. Waɗanda za su kai ga haka ba su cika uku cikin ɗarin ba.